Shirin Zuwa Baje Kolin Canton Karon Farko: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwa

Wani ɗan kasuwa daga Kano, mai sayar da kayan kicin da ƙananan kayan lantarki na gida irin su butar dafa ruwa da injin markaɗe da fankar caji, ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana sarin kaya a hannun manyan diloli na Legas da na nan Kano, yanzu kuma jarinsa ya ɗan yi kauri, yana son ya je baje kolin duniya na Canton da ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Yana so ya san ta inda zai fara shiri, da lokacin da ya fi dacewa, da abubuwan da ya kamata ya kiyaye.

Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a. Abin da zan fara gaya maka shi ne, wannan wuri ba kamar Kantin Kwari ko Sabon Gari yake ba, inda za ka shiga da kuɗi ka fito da kaya a bayan mota. Abin da ke jere a rumfunan samfur ne kawai. Kana gani, ka taɓa, ka yi tambaya, ku yi ciniki, sannan masana'anta ta koma ta ƙera maka adadin da kuka yi yarjejeniya a kansa, galibi cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Kowane kamfani kuma yana da mafi ƙarancin adadin da zai yarda ya ƙera, wani guda 500, wani 1,000, wani ma sai kwantena cikakkiya. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi a kan biza, ka zauna ka tambayi kanka ko jarinka zai ɗauki irin wannan oda bayan an cire kuɗin tafiya. Idan abin da kake buƙata katan goma na wannan ne da katan ashirin na wancan, to kasuwannin sari na cikin Guangzhou, ko babbar kasuwar ƙananan kaya ta Yiwu da ke lardin Zhejiang, sun fi dacewa da kai, kuma a buɗe suke kusan duk shekara. Amma idan burinka ka san masu ƙera kayan ido da ido, ka rage hannuwan da ke tsakaninka da masana'anta, har wata rana a buga sunan shagonka a jikin kaya, to lallai tafiyar ta cancanci wahalarta.

An fara wannan baje koli a shekarar 1957, kuma ana yin sa sau biyu a shekara. Na bazara yana farawa 15 ga Afrilu ya ƙare 5 ga Mayu, na kaka kuma daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kowanne an kasa shi zango uku na kwana biyar biyar, ana barin kwana uku a tsakani domin masu rumfuna su kwashe kayansu wasu su shigo. A zangon farko, wato 15 zuwa 19 ga wata, ake baje kayan lantarki da na wuta, da injina, da kayan gyaran motoci, da kayan aiki na ƙarfe, da kayan sola. Zango na biyu, 23 zuwa 27, na kayan kicin ne da tangaran da kayan gilashi da kayan ado na gida da kujeru da kayan gini. Na uku shi ne na tufafi da yadi da takalma da jakunkuna da kayan yara da kayan asibiti da abinci. Na sha ganin mutumin da ya sauka da murna a zangon farko yana neman takalma, ya ƙare da yawo cikin injina kwana biyar. Ka shiga shafin baje kolin na intanet ka duba jerin kayan kowane zango kafin ka yanki tikiti, domin a 2023 an sauya wa wasu kayan zango, kuma wanda ya je kafin lokacin zai iya ba ka tsohon labari da zuciya ɗaya.

Kai da kasuwancinka ya haɗa kayan lantarki da na kicin, zango biyu ne suka shafe ka. Shawarata ita ce ka isa Guangzhou ranar 14 ko 15, ka yi kwana uku a zangon farko, ka yi amfani da ranakun 20 zuwa 22 wajen ziyartar masana'antu, sannan ka yi kwana uku a zango na biyu, ka bar kwana biyu ko uku a ƙarshe domin kammala maganar oda da jigila. Kusan mako biyu ke nan. Kada ka dogara da ranar ƙarshe ta kowane zango, domin tun da rana masu rumfuna suke fara tattara kaya, hankalinsu ya koma gida.

Tsakanin Afrilu da Oktoba kuwa, ni Oktoba nake zaɓar maka, kuma dalilina lissafin kasuwarmu ne. A 'yan shekarun nan azumi yana kamawa ne a watannin Fabrairu da Maris, kuma kai ka fi ni sanin yadda kuloli da filas da injin markaɗe ke tafiya gab da azumi, da yadda bukukuwan aure ke yawa kafinsa da bayan sallah. Wanda ya ba da oda a ƙarshen Oktoba, za a gama ƙera masa a farkon Disamba, kayan su yi mako shida zuwa takwas a teku, a ƙara kwanakin fitarwa daga tasha da na hanyar Kano, sai su iso a kan gaɓa, idan ba a yi jinkiri ba. Jinkirin kuwa yana da haɗari na musamman a wannan lokaci, domin sabuwar shekarar Sinawa tana faɗawa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu suna rufewa na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu ma ba sa dawowa. Odar da ba ta hau jirgi kafin wannan hutu ba, sai dai a yi maganarta a Maris. Ga kuma yanayi: Afrilu a Guangzhou lokacin ruwan sama ne da gumi, Oktoba kuwa ya fi sauƙi ga mai yawo da ƙafa.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba da ƙarfi, wato aikin da za ka yi a Kano kafin ka tashi. Mafi yawan asarar da na gani a wannan harka tun daga gida aka taho da ita. Mutum ya ga buta a rumfa ana cewa dala uku, ya buga lissafin canji a wayarsa, ya ga ta yi rabin farashin da yake saro ta a Legas, sai zuciyarsa ta buga ya ba da oda. Bai sa kuɗin jirgin ruwa ba, bai sa inshora ba, bai sa kuɗin fito na kwastam ba, balle kuɗin tasha da na ejan mai fitar da kaya da na tirelar da za ta kawo su arewa, da abin da zai fashe a hanya, da watanni uku ko huɗu da kuɗinsa za su yi a kwance ba sa juyawa, alhali darajar naira na iya sauyawa a tsakani. Kafin tafiya, ka zaɓi kaya goma zuwa goma sha biyar da ka san suna tafiya a shagonka, ka rubuta farashin da kake saro kowanne yanzu da wanda kake sayarwa, sannan ka yi lissafi da baya da baya har ka gano mafi tsadar farashin da za ka iya biya a Sin ka ci riba. Wannan adadi shi ne makaminka a gaban kowace rumfa. Duk wanda ya gaya maka farashin da ya haura shi, ka yi masa godiya ka wuce.

Lissafin jigila da girman kaya ake yin sa, shi ya sa dole ka iya auna katan. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin mita 28 na sarari, wanda 'yan harkar ke kira CBM, doguwar mai ƙafa 40 kuma tana ɗaukar kimanin 68. A ɗauka katan ɗaya yana da tsawon santimita 60, faɗi 40, tsayi 40, kuma buta 12 ce a ciki. Girmansa ya kama CBM 0.096, ke nan doguwar kwantena za ta ci katan kusan 700, wato buta kusan 8,400. Idan ka raba dukan kuɗin kawo kwantenar har ƙofar sitonka a kan wannan adadi, za ka ga abin da ya hau kan kowace buta. A nan za ka gane dalilin da ya sa kayan roba masu girma da rashin nauyi, irin su manyan robobi da kwanduna, sau da yawa ba sa biyan kuɗin jirginsu, musamman da yake ana ƙera irinsu a masana'antun Sharaɗa da Chalawa.

Ka kuma zauna da ejan mai lasisi tun kafin ka tafi. Ka ba shi jerin kayanka ya duba maka lambar da kwastam ke sanya kowanne a ƙarƙashinta, da kuɗin fitonsa, da ko yana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS yana da matakai biyar, daga sifiri zuwa kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma yawancin kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa suna kan kashi 20, ban da harajin VAT na kashi 7.5 da sauran ƙananan caje-caje. Idan da sunanka za ka shigo da kaya, kana buƙatar rajistar kamfani ta CAC da lambar biyan haraji, sannan ka buɗe Form M, wato fom ɗin bayyana kayan da za ka shigo da su, ta bankinka kafin a loda kayan, da inshorar wani kamfani na cikin gida, daga baya kwastam su fitar da takardar PAAR, wadda ke ƙiyasta kuɗin fito kafin kaya su iso. Kayan lantarki kuma suna ƙarƙashin tsarin SONCAP na hukumar kula da ingancin kaya, wanda ke nufin sai an gwada su an ba da takarda tun daga can. Tambayar farko da za ka riƙa yi wa masu kayan lantarki ita ce ko sun taɓa aika kaya Najeriya kuma sun san wannan takarda. Wanda ya sani zai amsa nan take.

Maganar biza, irin ta kasuwanci ake nema, wadda ake kira M. Ka yi rajista a shafin baje kolin a matsayin mai saye, ka nemi takardar gayyata, kuma idan akwai wani kamfani na can da kuka riga kuka fara magana, gayyatarsa tana ƙara wa takardunka ƙarfi. Ofishin jakadancin Sin yana Abuja, ƙaramin ofishi kuma yana Legas, kuma ta cibiyoyin karɓar takardun biza na waɗannan birane ake miƙa fasfo. Fasfon ya kasance da saura aƙalla wata shida da shafukan da ba a buga wa komai ba. Ka fara wata biyu kafin tafiya, domin gab da baje koli cunkoso yake yawa. Ina roƙonka, duk wanda zai taimaka maka da cike takardu, ka karanta abin da ya rubuta da sunanka, kada ka yarda a sa maka takardar banki ko ta kamfani ta bogi, domin idan aka gano, kai ne za ka rasa shiga ƙasar, shi kuwa ya riga ya karɓi ladansa. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Rajistar da ka yi a intanet ita ce kuma za ta ba ka damar karɓar katin shiga harabar, wanda ake bayarwa a filin jirgin sama na Baiyun da wasu manyan otal-otal, kuma karɓarsa a can ya fi bin dogon layi a ƙofa ranar farko. Ka adana shi bayan ka dawo, yana aiki a zuwa na gaba.

Daga Kano ana samun jiragen da ke bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha su sauka Guangzhou. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, don haka ka ba jikinka kwana ɗaya kafin ka shiga aiki. Kuɗin otal yakan ninka a lokacin baje koli, wanda ya kama ɗaki da wuri shi ke samun sauƙi. Ba sai ka sauka kusa da Pazhou, inda harabar take, ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne masaukinka ya kasance kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, domin layi na 8 yana tsayawa a tashoshin Xingangdong da Pazhou, dukansu a bakin harabar, kuma otal da yawa suna da motar da ke kai baƙi kyauta. Mutanenmu sun fi son unguwar Xiaobei saboda abincin halal da 'yan uwa da ofisoshin masu jigila. Ko ina ka zaɓa, ka tabbatar otal ɗin yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje kuma zai yi maka rajista da hukuma. Idan a gidan wani za ka sauka, doka ta ce ka yi rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24.

Waya ita ce rabin tafiyar. WhatsApp da Facebook da Google da Gmail ba sa aiki a kan intanet ɗin cikin Sin, sai dai idan kana amfani da layin waje mai yawo, wato roaming. Ka sauke WeChat ka buɗe shi tun kana gida, domin da shi kowane mai rumfa zai nemi ku ci gaba da magana, kuma yana fassara saƙo. Ka sa Alipay ka haɗa shi da katin dala, domin har mai sayar da ruwa a bakin titi da waya ake biyansa, amma ka riƙe 'yan takardun yuan saboda ranar da kati zai ƙi. Game da tsabar kuɗi, dokar Najeriya ta ce duk abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana shi ga kwastam wajen fita, Sin kuma tana neman a bayyana abin da ya haura dala 5,000 wajen shiga. Ni ban ga dalilin ɗaukar jari a aljihu ba. Kuɗin kaya ta banki ya kamata su bi.

Akwai abubuwa uku da nake gaya wa duk wanda zai tafi, ko da zai ga na cika nanata magana. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko a gida ba tare da ka buɗe ka ga abin da ke ciki ba, ko da ɗan uwa ne ya ba ka, domin hukuncin safarar ƙwaya a Sin yana kaiwa ga kisa. Kada ka wuce kwanakin da aka rubuta a bizarka ko da kwana ɗaya ne, tarar yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, kuma ana iya tsare mutum, sannan bizar gaba ta yi wuya. Kilishi da dambun nama kuma ka bar su a gida, ba a shiga da nama, ƙwacewa za a yi. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, hotonsa kuma a wayarka.

Harabar Pazhou tana da sassa huɗu, A da B da C da D, faɗin wurin baje kayan ya kai murabba'in mita miliyan 1.55, kamfanonin da ke zuwa kuma sun kai kimanin 30,000 a zangunan uku. Ba mai iya zagaye ta. Ka sa takalmi mai taushi, ka ɗauki jaka mai taya, da katin kasuwanci da yawa mai ɗauke da sunan shagonka da lambar WeChat, da littafin rubutu da abin maƙala takarda. Ranar farko ka yi ta a matsayin ranar kallo: ka bi zaurukan da suka shafi kayanka da sauri, kana ɗaukar hoton kaya tare da katin mai rumfa da lambar rumfar a hoto ɗaya, kana rubuta farashi da mafi ƙarancin oda. Da dare, komai gajiya, ka zauna ka tace, ka fitar da kamfani uku ko huɗu a kan kowane kaya. Rana ta biyu da ta uku su ne na zama a yi magana mai tsawo. Wanda bai rubuta ba, bayan kwana uku duk fuskokin da butocin za su zame masa iri ɗaya.

Ba kowane mai rumfa ne mai masana'anta ba. Da yawansu kamfanonin dillanci ne da ke saye a wurin masu ƙira su ɗora ribarsu. Alamarsu ita ce kayan da ba su da dangantaka da juna a rumfa ɗaya, tukunya a nan, fitila a can, laima a gefe. Ka tambayi garin da masana'antar take, domin kowane irin kaya yana da cibiyarsa: ƙananan kayan lantarki a Shunde da Zhongshan, tangaran da kwanukan silba a Chaozhou, cokula a Jieyang, wuƙaƙe a Yangjiang, filas a Yongkang. Ka nemi ganin lasisin kasuwancinsu, wanda ke ɗauke da lamba mai harufa da alƙaluma 18 da bayanin ko an ba su izinin ƙira ko na saye da sayarwa kawai. Ban ce ka guji dillalai ba. Ga mai sabon shiga da ƙaramin jari, dillali nagari yakan fi amfani, domin zai karɓi ƙaramar oda ya haɗa maka kaya iri-iri a kwantena ɗaya. Abin da nake so kawai shi ne ka san da wanda kake magana.

A wajen ciniki, kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne matsa farashi har ƙasa ba tare da an ɗaure maganar inganci ba. Basine ba ya yawan cewa a'a. Idan ka nace sai ya rage, zai rage, amma zai cire abin da ya rage daga jikin kayan: ƙarfen ya ƙara siranta, wayar cikin injin ta koma alminiyom maimakon jan ƙarfe, batirin fanka ya zama ƙarami. Araha ba ta ado. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a farkon shigata harkar, lokacin da na yi odar tukwanen silba a wurin wani kamfani, na yi murna da ragin da na samu, ban sa an rubuta nau'in ƙarfen ba. Samfurin da na gani na lamba 304 ne, abin da ya iso kuwa na 201 ne, wanda ya fi saurin tsatsa, kuma damina ɗaya ta isa ta sa abokan cinikina suka fara dawo da su. Ba ni da abin da zan riƙe kamfanin da shi, domin tukunyar silba kawai aka rubuta a takardar. Tun daga ranar nake sa a rubuta komai: nau'in ƙarfe da kaurinsa, nauyin kowane guda, ƙarfin injin, girman batir, tsawon waya, da irin filogin, wato mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya. Idan kana da masu saye daga Maraɗi ko Damagaram, ka tuna su mai ƙafa biyu zagayayye suke amfani da shi. Ka karɓi samfur biyu, ku sa hannu a jikinsu kai da su, ɗaya ya zauna a wurinsu ɗaya ka taho da shi.

Duk farashin da aka gaya maka, ka tambayi a ina ya tsaya. Idan EXW ne, a ƙofar masana'anta aka miƙa maka kaya, sauran duk naka ne. Idan FOB ne, su za su kai kayan har cikin jirgi a tashar da aka ambata, kamar Nansha ko Yantian. CIF kuma ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da za a sauke. Ka sa kowa ya ba ka farashin FOB domin ka iya kwatanta su a kan ma'auni ɗaya.

Tafinta yana da amfani, musamman wajen ziyarar masana'anta, ko da yake yawancin matasan da ke tsaye a rumfuna suna jin Turanci daidai gwargwado. Akwai Hausawa da dama mazauna Guangzhou, ɗalibai da 'yan kasuwa, da ke wannan aiki, kuma cikinsu akwai mutanen kirki ƙwarai. Ku yi maganar ladansa a fili tun farko, ko na yini ko kaso a kan oda, domin al'ada ce a can masana'anta ta ba wanda ya kawo mai saye wani abu a ɓoye, kuma a kan kayanka za a ɗora shi. Ka karɓi katin kowane kamfani da hannunka, ka haɗa WeChat da su kai tsaye.

Kwanaki ukun da ke tsakanin zangunan su ne mafi daraja a tafiyar, a ganina. Foshan da Shunde da Zhongshan duk suna kusa, ana zuwa a dawo a yini ɗaya, kuma kamfanin da ke son cinikinka yakan turo mota ya ɗauke ka. Gani ya kori ji. Ka duba ko layin ƙira yana aiki, ko sunan da ke ƙofa shi ne na kan katin, yadda suke gwada kaya kafin su sa a kwali, da ƙasashen da aka rubuta a jikin katan-katan da ke sito. Wanda ya yi ta kawo uzuri a kan ziyara, ya riga ya ba ka amsa.

Idan an zo biya, abin da aka saba shi ne kashi 30 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami, sauran 70 bayan an gama ƙira kafin a loda ko bayan an nuna takardar lodi. Kada ka biya cikon sai an duba kayan, ko kai, ko wakilin da ka amince da shi, ko kamfanin duba kaya irin su SGS da Intertek da Bureau Veritas. Kuɗin dubawar kaɗan ne idan aka kwatanta da kwantena guda ta kayan da ba za su sayu ba. Yarjejeniyar ta kasance da jan hatimin kamfani, da ranar gama aiki, da abin da zai biyo baya idan an saɓa. Asusun da za ka tura kuɗi ya zama na kamfanin, sunan ya yi daidai da na takarda. Idan wata rana saƙo ya zo cewa sun sauya asusu, kada ka tura komai sai ka kira mutumin da ka sani ta bidiyo ka ji daga bakinsa, domin 'yan damfara suna kutsawa cikin imel ɗin kamfanoni su aiko da irin wannan saƙo, kuma kuɗin da suka tafi ta nan da wuya su dawo.

Idan kayanka ba su cika kwantena ba, masu jigila suna haɗa na mutane da yawa a ɗaya, su caje ka gwargwadon CBM, wasu har su kawo maka Kano. Hanya ce mai sauƙi ga mai farawa, amma ka tambayi waɗanda suka daɗe suna aiki da mai jigilar, ka kuma san abin da za a haɗa da kayanka, domin haramtaccen kayan mutum ɗaya yana iya sa a riƙe na kowa. Kayan da ke da batir, kamar fankar caji, ka bayyana su tun farko, suna da nasu ƙa'idar lodi. Mai cikakkiyar kwantena kuma yana da zaɓin Apapa ko Tin Can ko Lekki ko Onne, ya kuma tambayi ejansa ko za a iya wucewa da ita tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023, a yi aikin kwastam a gida.

Ibada ba za ta yi maka wuya ba. A harabar akwai wurin sallah da wurin abincin halal, a cikin gari kuma shagunan taliyar Musulmin Sin masu koren allo suna ko'ina. Ranar Juma'a ka yi ƙoƙari ka je masallacin Xianxian da ke kusa da lambun Yuexiu, inda mutanen wurin ke danganta wani kabari da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar. A nan za ka haɗu da 'yan kasuwarmu da suka shekara goma suna zuwa, kuma hirar rabin awa da su bayan sallah za ta nuna maka mai jigilar da ake yabo da wanda ake kuka da shi a wannan shekarar.

Ba dole ne ka ba da oda kafin ka baro Guangzhou ba, sai dai lissafin azumin da na yi maka ya nuna ba ka da fiye da mako ɗaya ko biyu na tunani. Da ka sauka Kano, ka kai samfuran wurin manyan abokan cinikinka, musamman matan da ke haɗa kayan ɗakin amare, ka ji launin da suke so da farashin da za su iya biya, ka kuma jona butar da injin a wutarmu da ta janareta na 'yan kwanaki ka ga yadda za su jure. Sannan ka rubuta wa kamfani biyu ko uku da ka zaɓa, ka nemi takardar farashi ta ƙarshe mai ɗauke da duk abin da kuka yi magana a kai, ka kai ta banki a buɗe Form M. A odar farko kada ka sa fiye da rabin jarinka, domin sauran za ka buƙace shi wajen kuɗin fito da na tirela a ranar da jirgi ya iso Legas.